Taken Inna a Hannun Baƙi

Baba,

Assalamu alaikum. Na san hannunka ba zai taɓa wannan takarda ba, amma al'amarin na kiɗa ne, kuma ban san wanda zan kai wa ba in ba kai ba.

Gida lafiya. Gero ya yi, wake ne bai yi kyau ba. Kalangunka na nan rataye a ɗakinka, mahautan Dakoro ba su sami wanda ya maye gurbinka ba. Ni kuma na karɓi lisansi ɗina, wato digirin jami'a, a Yamai.

A can ne na sami ɗan aikin tafinta. Wasu makaɗan jaz ne masu yawon ƙasashe, wasunsu 'yan Brazil, wasu 'yan Amurka. Suna da algaitun ƙarfe, da wata ƙaramar ganga mai magana. Ba kalangu ba ce, na duba da kyau: ba a matsa ta a hammata, sanda ce a cikinta ake murzawa da jiƙaƙƙen tsumma.

Ka hana ni taɓa ganga don in yi karatu, kuma ban taɓa ba. Abin da ban gaya maka ba shi ne kunnena ya riƙe komai. Da mai gangar ya tambaye ni sana'ar ubana, sai na kaɗa masa a kan tebur taken da ka yi wa Inna tun tana budurwa. Kafin in ankara sun ɗauke shi, sun ce suna so su zaga duniya da shi.

Hankalina ya tashi, Baba. Take ai na mai shi ne. Yaya za a kira Inna a garin da ba ta nan balle ta amsa? Wa ya ba ni izinin bayar da shi? Na ce su dakata sai na tambaye ta.

Da na zo gida na tarar da ita tana sheƙar wake, na kunna mata kiɗan nasu da na naɗa a talho, wato wayata. Ta ajiye ƙwarya, ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zanenta, yadda take yi maka. Ba ta yi kuka ba. Da suka bar taken suka shiga wani kiɗan nasu, can suka dawo kansa, sai ta yi dariya. Ta ce haka kake in ka tafi kasuwar Sabon Maci, sai ta fid da rai sannan ka ɓullo.

Ta ce su tafi da shi. Sharaɗinta ɗaya: duk inda za su kaɗa, su fara faɗin sunanta, Hajara ta Korahane. Na koya musu yadda ake faɗinsa har sai da bakinsu ya iya.

Da kai ne, ka yarda? Ita dai ta ce in sake kunna mata.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Ɗanka,
Laminu