Muƙamuƙin Mudassir

Wudil,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Labaran,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rahinatu da yara. Ya Fatakwal, ya kasuwar albasa, ya ruwan saman nan naku da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana fita tsakar gida da sandarta. Ɗiyata Sharifa ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Khaulat. Maigida Malam Ɗayyabu ya ce geron Indabo bana ya yi kyau. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin na san halina, in na ji muryarka ba zan iya faɗin abin da ke raina ba.

Maganar ɗanka ce, Mudassir nawa. Wata biyu ke nan, ranar Juma'ar kasuwa da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, ƙaninmu Ƙasimu ya shigo riƙe da shi. Gaban rigarsa duk jini, bakinsa ya karkace ya kasa rufuwa, yawu na zuba. Ƙasimu ya ce babur ne ya kayar da shi a hanyar Dagumawa, wai akuya ce ta gitta masa. Shi ya nemo mota, shi ya kai mu asibitin nan garin, da suka ce aikin ya fi ƙarfinsu shi ya raka mu Kano. Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya karye wuri biyu. Suka ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya, suka ce sai bayan mako shida. Yaya, saurayi mai shekara ashirin da huɗu, wanda ka san yadda yake zama gaban tuwo, ya koma zuƙar kunu da romo ta ɗan bututun roba. Leɓensa na ƙasa ya daina jin komai, kunu na bin haɓarsa bai sani ba sai na goge masa. Ya rame har wandonsa ba ya zama.

Duk tsawon kwanakin nan Ƙasimu bai fasa zuwa ba. Kullum da la'asar zai shigo da fura da aka dama aka tace. Ranar sunan Khaulat na tsaya a gaban dangi na yi masa godiya har da hawaye, na ce ban yi asarar goyon da na yi masa yana ƙarami ba. Abu ɗaya ne ya riƙa damuna: da zarar ya yi sallama sai Mudassir ya juya fuskarsa bango. Har faɗa na yi wa yaron, na ce ciwo ba ya hana mutum girmama kawunsa. Wannan faɗan shi ne yake hana ni sukuni yanzu.

Ranar da muka koma a kwance wayar, likitar da ta yi aikin, wata Dakta Rahila, mutuniyar kudancin Kaduna mai Hausa tar, ta sake tambayarsa yadda abin ya faru. Ya maimaita zancen babur. Sai ta ɗaga hoton ta saitin taga ta ce mu duba. Ta ce mafi yawan masu irin wannan karaya da take gani 'yan babur ne marasa hular kwano, kuma ta san kamanninsu. Mutum in ya faɗi, galibi haɓa ce ke dukan ƙasa, sai ƙashin ya tsage a gaba ko can sama kusa da kunne, haƙoran gaba su gutsure, tafin hannu da gwiwa da kafaɗa su ƙuje. Mudassir kuwa ranar da aka kawo shi ko ƙwarzane babu a jikinsa. Tasa karayar ɗaya tana kusurwar hagu, bayan haƙori na ƙarshe, ɗayar a dama kusa da fiƙa, ga kumburi a miƙe a kumatun hagu. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta wurin, amma irin wannan ta fi ganinsa ga wanda aka kai wa duka ta gefe, da hannu ko da sanda. Ta ce ba tilasta shi take yi ba, sai dai tana tsoron wanda ya yi sau ɗaya ya sake. Mudassir ya sunkuyar da kai, na ga hawaye na ɗiga a cinyarsa.

Da muka dawo, kafin in cire mayafi na je zaure na yaye buhun da aka rufe babur ɗinsa da shi. Madubi lafiya, fitila lafiya, ko fenti bai goge ba. Mako shida yana nan a gabana ban taɓa dubawa ba. Nan na zaunar da Mudassir, ya faɗa mini da bakinsa da ke buɗuwa da ƙyar. Ashe Ƙasimu ya ba masu tifa izinin kwasar yashi a bakin fadamar da Baba ya bar mana, har sun ci cikin ɓangarena inda yaron ke shuka tumatir. Da safen ranar Mudassir ya je ya tarar da mota ana loda ta, ya tsaya a gabanta ya ce ba za ta tashi ba sai mahaifiyarsa ta sani. Ƙasimu ya ce yaushe aka haife shi da zai tsare masa hanya, ya fizgi shebur a hannun wani lebura ya kai masa da ƙotar. Da ya ga jini sai ya rikice, ya durƙusa yana roƙonsa ya ce babur ne. Yaron ya riƙe wannan a cikinsa saboda ni.

Washegari na sami Ƙasimu a gidansa. Bai musa ba. Ya yi kuka, ya ce zuciya ce, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Duk wannan zan iya ɗauka in kai gaban Allah. Amma da na tambaye shi yadda ya iya kallon idona mako shida, sai ya ce ai ba shi kaɗai ya yanke ba. Ya ce tun a harabar asibiti ya kira ka ya faɗa maka komai, kai ka ce a bar shi a babur, kada Inna ta ji, kada Saudatu ta raba gida.

Yaya, a ranar da abin ya faru, da yamma ka kira ni. Ka yi mini jaje, ka tambaye ni ko akuyar ta mutu, ka ce yaran yanzu ba sa jin magana a kan gudu. Bayan kwana goma ka aiko masa da sabuwar hular kwano, ni da kaina na sa masa ita a gefen katifa na ce ya gode wa kawunsa. Tun rasuwar Baba kai nake kallo a matsayinsa. In Ƙasimu ƙarya ya yi maka, don Allah ka gaya mini, babu abin da nake so in ji kamar haka. In kuwa gaskiya ce, to ka sani Inna ba ta ji ba kuma ba za ta ji daga bakina ba. Malam Ɗayyabu ya so kai ƙara, Mudassir ya roƙe shi ya bari. Na dai sa mai unguwa ya je ya kafa mini iyakar ɓangarena, an kuma tsayar da masu yashi. Yaron yanzu yana tauna abu mai laushi, leɓen kuma likita ta ce sai a hankali, mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa ya zauna haka. Ina so ka zo gida da kaka ka zauna a gabansa ka yi masa bayani da bakinka. Hular tana cikin ledar da direba zai ba ka tare da takardar nan. Ba ta da amfani a gidana.

Ka gaishe mini da Yaya Rahinatu, da Nu'uman, da Ɗan'auta, ka ce ina sa musu albarka. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaya yaushe za ka zo. Malam Ɗayyabu da Sharifa suna gaisuwa. Na tambayi Mudassir ko in sa gaisuwarsa, bai amsa ba, don haka ban sa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Saudatu.