Takardar Mahaifina da Kuka Bar wa Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban ofishin da ke ajiye takardun gonakinmu a Gadarif.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne a gefen garin Doka, kuma da ciwon zuciya nake rubuto maka.

Na ɗaya. Bara kafin damina kuka ce kowa ya kawo takardar gonarsa ta asali a sabunta. Tawa ta mahaifina ce. Shekara da shekaru tana cikin gafaka tare da Alƙur'aninsa, ko gara ba ta taɓa ta ba. Mahaifiyata ta ce kada in bayar, na ce ai hukuma ce. Na miƙa da hannuna.

Na biyu. Kun cusa takardunmu a buhunan dawa, kuka jibge su a ƙasan sito. Ranka ya daɗe, a garin nan wa yake ajiye buhu bai shimfiɗa itace ba? Dawar ofishinku tana bisa katako, na gani da idona. Ruwan sama ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, bai kai gwiwa ba, amma ya isa.

Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai. Kashegari muka zo mu bakwai, har da Malam Idirisu limaminmu, wanda ya saba shanya warƙoƙin littattafai da suka jiƙe a inuwa ɗaya bayan ɗaya. Muka roƙa a bar mu mu taimaka kyauta, a gaban idonku. Aka ce sirrin hukuma ne, aka mayar da kwado. Da aka kwance buhunan bayan kaka, komai ya manne ya yi baƙi.

Yanzu wani mai tarakta ya kafa alama a rabin gonar. Na kawo ƙara, ma'aikacin da ya karɓi takardata ya dube ni ya ce in kawo ta asali. Wallahi kun ci amanata.

Ina roƙon a dakatar da mutumin nan, a saurari dattawan da suka ga mahaifina yana sare dajin, a kuma ɗaga sauran takardun mutane daga ƙasa, domin hadari ya fara haɗuwa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya kare ka daga ranar da za ka tsaya a bakin taga kana rantsuwa cewa mahaifinka ya taɓa noma, ana tambayarka shaida.

Wassalam.