Ministan Gahawa

Laraba, 25 Sha'aban 1445

Limamin masallacinmu na Misfala, nan Makka, ya ce bana sufra ɗaya za a shimfiɗa ta buɗa-baki, wuri ya yi kaɗan. Mu Sakkwatawa, Kanawa, 'yan Nijar da haifaffun nan, duk leda ɗaya. Shekara da shekaru ina riƙe da tamu. Talal, shugaban haifaffun nan, shi aka ba jagoranci. Ni gahawa aka ba ni. Gahawa.

Juma'a, 27 Sha'aban

'Yata Mujahida ta bugo daga Sakkwato. Na kai mata kuka, sai dariya. Wai a jami'a suna karanta wata gwamnatin haɗin gambiza ta Norway, 1963, jam'iyya huɗu, ba ta cika wata guda ba ta rushe. "Baba, kai ne ministan gahawa ke nan." Ban yi dariya ba. Amma labarin ya yi mini daɗi. Huɗu su, huɗu mu.

Laraba, 3 Ramadan

Abdulwadud Bakano ministan dabino. Ɗan Nijar ministan leda. Talal sai murmushi da "ya ammi, ya ammi", wai baffansa. Murmushin nan ban yarda da shi ba. So yake tsofaffinmu su gaji su koma bakin ƙofa, baɗi sufra ta zama tasu.

A faɗi gaskiya, dabinon ya fi namu na bara.

Talata, 9 Ramadan

Talal da mutanensa sun yi ƙus-ƙus da Larabci, ina isowa suka yi shiru.

Laraba, 17 Ramadan

Jiya zazzaɓi ya kayar da ni a ɗaki, can unguwar Ka'akiyya. Kiran magariba ya same ni a kwance, fulas babu komai. Na ce shi ke nan, na ba su abin da suke nema.

Yau na lallaɓa na je. Malam Zubairu, dattijonmu, yana zaune a inda ya saba, daf da liman. Ya ce gahawar jiya ta yi citta yadda yake so, Allah ya yi mini albarka. Ashe Talal ne ya kawo, ya ce wa kowa ni na aiko. Na tambaye shi dalili. Ya ɗaga kafaɗa: "Halas, shi ke nan ya ammi, kujerarka ce."

Wa ya gaya masa muna sa citta? Ko ƙus-ƙus ɗin nan ke nan. Ban sani ba.

Litinin, 29 Ramadan

Na ce wa Mujahida gwamnatin tamu dai ta kusa cika wata. Ta ce ai ban bari ta ƙarasa ba rannan: jam'iyyun nan huɗu sun dawo bayan shekara biyu, sun yi mulki fiye da shekara biyar. Na ce kuɗin waya na tafiya.

Laraba, 1 Shawwal

Sallah. Na ga wani babban fulas a kasuwar Utaibiyya, ya ishi sufrar duka. Na saya. Araha ce kawai.