Na'urar da Abba Ya Hana a Buɗe

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar lelenmu. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan da sauƙi, Auta ma haƙoransa sun fito. Sai dai Umma, ita ce dalilin rubutun nan, don kin san a waya bakina mutuwa yake yi.

Tun da na'urar sanyin da kika aiko ta iso, wadda ake zuba wa ruwa, Abba ya mayar da ita sarauniyar falo. Duk baƙon da ya zo sai an kunna masa, a sanar da shi 'yarsa ce ta aiko. Tagogi kuwa ya rufe su ruf, wai kada sanyinki ya tsere. Kin san benenmu, dama iskar ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu falon wari yake kamar jiƙaƙƙen tawul da aka manta a bokiti.

Umma, da yake nan take wuni tana ɗinki, tari ya kama ta, numfashinta har fito yake. Na raka ta asibiti. A littattafan soyayyar da nake karantawa, in mace ta yi tari, dogon likita mai sanyin murya ne ke ɗago kai ya dube ta. Namu tsoho ne, shi ma mura yake yi. Ya tambaya ko muna da irin na'urar, ya ce in ruwa ya daɗe a ciki ƙwayoyin cuta kan hayayyafa, fankar ta watso mana mu shaƙa. Ya ce a riƙa wanke ta, a kuma buɗe taga.

Da Umma ta faɗa wa Abba, sai ya ce abin da 'yarsa ta saya da guminta ba zai sa wa kowa ciwo ba, kuma ba mai kwance masa ita ya lalata. Ruwa kawai yake ƙarawa a kan tsohon. Jiya da ya fita na haska cikinta. Yaya, kore shar, ga yauƙi, ragar baya duk funfuna! Na shirya magana irin ta jaruman labari, har na gwada a madubi. Da ya dawo ya tambaye ni me nake tsaye yi, sai na ji bakina yana yi masa sannu da zuwa. Haushin kaina ko abinci bai bar ni na ci ba.

Don Allah ki kira shi, a kan na'urar nan maganarki kaɗai yake ji. Kada ki ce ita ce ta jawo, ransa zai sosu. Ki ce kin manta ne ba ki gaya masa ana wanke ta duk mako ba, kuma hannunsa kaɗai kika yarda ya taɓa ta. Kar ki bari a kwana biyu, maganin Umma ya kusa ƙarewa, tarin kuwa yana nan.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki sumbatar min 'yar lele. Umma da Auta suna gaishe ki. Abba ma da zai gaishe ki, amma bai san na rubuto ba, kada kuma ya sani.

Taki har kullum,
Ƙanwarki