Sakiusa Ya Daina Wawushe Mini Gida

Sigatoka, 14 ga Satumba, 2020

Zuwa ga ƙanwata Salanieta,

Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ta dace ta fito daga bakin babban yaya, tsohon shugaban makaranta kuma mai karanta sanarwa a coci, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Peniasi, cikin sanyin Auckland. Allah Ya tsare ku daga wannan annoba da ta rufe mana sama da teku. Mu nan da sauƙi. Matata Unaisi tana nan da ƙarfinta, musamman na baki. Gwiwata ta hagu ta ajiye aiki ba tare da ta rubuto mini takarda ba. Rogo ya yi kyau bana, har mun gaji da ganin juna ni da shi.

Na ɗauki alƙalami ne a kan ɗanki Sakiusa, wanda yau wata biyar ke nan yana ɗakin bayan gidana, tun da otal ɗin garin Nadi ya sallame su, shi da abokan aikinsa. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar masu kai abinci teburi, sai aka wayi gari ba jirgi, ba baƙo. Takardun neman aikin da ya aika sun kai talatin. Wuri biyu ne suka amsa, su ma don su ba shi haƙuri.

Kin san dokar kakanninmu, cewa ɗan 'yar'uwa in ya shiga gidan kawunsa, abin da idonsa ya so hannunsa ya ɗauka, ba mai cewa uffan. Na karanta tarihin dauloli da dama, ban ga ƙasar da aka wawushe kamar yadda ɗan nan naki ya wawushe mini gida shekara talatin ba. Rediyona, takalmina na Lahadi, ɗan aladen da nake kiwo don Kirsimeti, duk kin sha jin ƙorafinsu. To, tun da ya zo bai ɗauki ko tsinke ba. Rannan sai da ya nemi izinina kafin ya buɗe firij. A ranar na san abin ya wuce rashin aiki.

Da fari na ba shi maganin da na iya, wato lacca, safe da yamma, kan haƙuri da tarihin mutanen da suka faɗi suka tashi. Yana saurare da ladabi, yana cewa haka ne, Kawu. Sai na ja shi wurin dattawa zaman shan kava, jiƙon saiwar nan tamu da ake zagayawa da shi a ƙoƙo. Tsohon nan Aminiasi ya dinga kiransa mai girma Manaja, yana tambayarsa wane teburi zai ba shi yau, mai kallon teku ko mai kallon garken alade. Da a da ne, da ya rama har tsohon ya nemi afuwa. Murmushi kawai ya yi, ya miƙa ƙoƙo gaba.

Makonni huɗu da suka wuce ya fita da safe da ƙugiyar kamun kifi, har rana ta karkata bai dawo ba. Na ja gwiwata na same shi a bakin kogi, daidai inda ruwa ke ja zuwa teku, ƙugiyar tana gefensa ko jiƙewa ba ta yi ba. Ya ce ba komai, yana dai tunanin ko akwai wanda zai rasa wani abu in babu shi. Ni da na yi shekara arba'in ban taɓa rasa amsa a gaban aji ba, sai kawai na zauna a yashi kusa da shi.

Unaisi ce ta yi dabara. Kowace Laraba a zauren coci akwai masu taimakon waɗanda aka sallama. Suna gyara takardar neman aiki, suna raba irin kayan lambu, akwai kuma wata malama mai sauraron damuwar mutum a keɓe. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Unaisi ta ce wa ya yi zancensa, kawunsa zai raka, kada tsoho ya kife a hanya a bar ta da jinya. Da muka je, ni na fara shiga wurin malamar, ta tambaye ni ko ni ma abinci yana shiga. Na buɗe baki don in gyara mata tambayar, sai bayan minti arba'in na rufe shi. Da ya ga shugaban makaranta ya fito yana share hanci, shi ma ya shiga. Sau uku ke nan yana zuwa. Ba zan ce ya warke ba. Ya shuka kabeji, an sa sunansa cikin masu jiran aikin ɗaure citta a wani kamfani, wasu ranakun kuma ko labule ba ya ɗagawa. Mun gaji, Salanieta, mu duka uku.

Ga roƙona. Kowace Lahadi kina kiransa, kuma kalmarki ta farko ita ce ko an samu aikin. Na san ƙauna ce. Amma in ya ajiye waya, ba ya cin abincin kirki sai Talata. Ya gaya wa Unaisi abin da ya fi yi masa nauyi shi ne kina can kina aikin wanke tsofaffin wasu don neman kuɗi, shi yana nan zaune. Ki bar tambayar nan. Ranar da aka samu, ni da kaina zan karanta miki sanarwa.

Unaisi tana gaishe ki. Ki gaida Peniasi, da 'yarki Asenaca da mijinta, da jaririn da har yau a hoto kawai na san shi.

Ranar Lahadi ƙarfe huɗu zai zauna kusa da waya, kafaɗa a ƙage, yana jiran tambayar. In kin rasa abin faɗa a madadinta, ki yi gulmata. Kina da ta shekara sittin a ajiye, kuma na yafe tun yanzu.

Yayanki,
Isikeli