Fim ɗin Wendell da Babu Baba a Ciki

Burbank, California

Zuwa ga ƙanwata Bernadine,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Otis da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya raba ku da sanyin Toledo lafiya. Mu nan kalau muke, sai dai kaina ya ɗaure, shi ya sa na ɗauki biro.

Na ji kin kama zauren coci domin Mama ta kalli fim ɗin ɗana Wendell ranar da za a nuna shi a talabijin. Don Allah ki dakata tukuna. Kin san a kan Baba ya rubuta labarin, shekarun da ya yi yana tuƙa bas. To, kamfanin da ya saya ya miƙa wa wani marubuci ya gyara, shi ma aka sallame shi aka kawo wasu. Wai haka ake yi. Yanzu direban ya koma saurayi ɓarawon motoci, Toledo ta koma Miami, matarsa kuma, wato Mama ke nan, tana rawa a mashaya!

Na ce wa Wendell to ai labarin ba nasa ba ne kuma. Ya ce a'a, ƙungiyarsu ta marubuta ta sa wasu 'ya'yanta da ba a bayyana ko su wane ne ba sun karanta komai, sun yanke cewa ƙashin labarin nasa ne, sunansa za a sa. Wane ƙashi? Ya nuna min fim ɗin, na kalla har ƙarshe ban ga Baba ba. Abokansa sai kawo furanni suke, shi kuwa ya kasa cin abinci. Na rasa ko barka zan yi masa ko jaje.

Ya ce yana iya neman a sa wani suna na bogi, amma ya daɗe yana rubutu a bayan wasu, wannan ne na farko da zai nuna a ba shi aiki. Ni kuma tsoro nake ji, Bernadine. In ya cire, Mama za ta zauna gaban jama'a tana jiran sunan jikanta. In ya bari, kin san sunan Baba ya ci, har na dangi. Sunan mijinta ke nan za ta karanta a kan fim ɗin ɓarawo. Ke ce kusa da ita, ki gaya min wanda za ta iya ɗauka.

Ki gaida Otis da Kawu Lionel da Marcelle. Ki rungume min Mama, kar ki ce mata komai.

Yayarki,
Loretta