Kaskon Kafe da Rai-Ɗoren da Na Tsinta

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Halidu ɗan Bawa, mutumin Tawa, tsohon soja, mai teburin kafe, wato gahawa, a bakin Babbar Kasuwar Yamai, nake barin wannan wasiyya ga 'ya'yana Jibo da Yahaya da Habsatu. Hankalina garau yake. Ciwo ya ɗauke mini ɗanɗano da jin ƙamshi, amma ido da kunne suna nan, kada wani ya yi zaton ba na ganinsa.

Na ɗaya. Gida da akwatina da lambobin soja, malamai su raba yadda shari'a ta ce. Ba na bin kowa, ba a bi na.

Na biyu, teburin. Kun san a Saigon na koyi sana'ar nan, lokacin da Faransa ta kwashe mu yaƙin Andoshin. Wani tsoho ɗan Sin ne, kullum cikin singileti, ba ya jin Faransanci, ni ba na jin nasa, da kallo na ɗauka. A soya kafe da man shanu da ɗan sukari, a daka, a zuba a ƙaramin gwangwani mai huji bisa finjali, ya yi ta ɗiga kan madara. Burodi a gasa kan garwashi, ƙwai biyu ruwa-ruwa da barkono. Da na fara a nan dariya aka yi mini, wai ɗanyen ƙwai nake ba mutane. Yau masu hular ministoci da masu kwalekwalen Harobanda, unguwar tsallaken kogi, benci ɗaya suke zama suna jiran ɗigo. Kada ku gaggauta ɗigon nan don wani ya duba agogo. Mai sauri ya tafi wajen mai shayi.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni kwanciyar rai. Tun da na kwanta wani yana gauraya kafen teburina da rai-ɗore. Daga shimfiɗata nake kallon finjalan da ake dawowa da su wanki, rabi-rabi a ciki. Ɗan'azumi tela, wanda ya yi shekara da shekaru yana lashe cokali yana zagin ƙwaina, ya zo gaishe ni ya ce, "Malam Halidu, kafe dai lafiya lau." Mutumin da bai taɓa yaba komai ba! Ranar na sa aka zaunar da ni a tsakar gida, na tona sharar bayan ɗakin suya da sandata, sai ga 'ya'yan rai-ɗore a ƙone.

Jibo da Yahaya, ku biyu kuke karɓa-karɓar suya da daka, kuna juye garin a duro ɗaya. Jibo, ka ɗinka sabuwar riga. Yahaya, ka yawaita tambayata ko ina jin sauƙi, ba kuwa halinka ba ne. Kowanne na tambaya sai ya rantse, ni kuma na daɗe da sanin rantsuwa ba ta da tsada.

Ke ma Habsatu ban ƙyale ki ba. Labari ya iso mini kina korar tsofaffin masu ciniki, kina ce musu, "Baba, yau babu kafe, a yi haƙuri da shayi," alhali duro cike yake. Na ce to, ga mai son kashe teburin don mijinta ya buɗe nasa. Sai da na lura wata rana kina sayarwa, wata rana ki hana, na gane hancinki ne ke yi mini gadi. Na kira ki na ce ki faɗi wane ne, kika sunkuyar da kai kika ce dukansu yayyenki ne. Na ji haushinki ƙwarai, kuma na ji daɗi.

Na huɗu. Kasko da gwangwanayen ɗigo da makullin ɗakin suya a hannun Habsatu za su zauna. Riba ta ku uku ce yadda malamai suka yanka, amma wuta ita za ta hura. Wanda ya ce mace ba ta riƙe tebur a bakin kasuwa, ku ce masa ni na ce. Ɗan'azumi ya ci gaba da zama a kan bencin da ke kusa da garwashi. Ranar da ya koma zagin ƙwai, ku gode wa Allah.

Na biyar. Bayan raina ban yarda a sake tono zancen nan ba. Habsatu, abin da kika rufe ki tafi da shi kabarinki. Wanda ya yi, ya san kansa, na yafe masa, ya daina.

Ɗayan nake ji. Cikin ku biyu akwai wanda bai ci ba bai sha ba, ya yi ta jinyata yana tayar da ni yana kwantarwa, ni kuwa ina binsa da idon da nake bin ɓarawo. Ban san wanda zan riƙe wa hannu in roƙa ba, abin nan ya fi ciwon cina. Ɗana, ko wane ne kai, ka yafe mini a zuciyarka, kada ka furta a gaban ɗan'uwanka.

Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri. Ku ci a kwano ɗaya, ku sa ni a kabari da hannayenku, ku biyun tare.